Habasha da Motocin Lantarki

A farkon shekarar 2024 gwamnatin Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan fetur ko dizal, ta ce sai masu aiki da lantarki. Dalilinta a fili yake. Da kuɗin waje ƙasar take sayen mai, ga dala ta yi mata wuya. Wuta kuwa daga ruwa take samu, musamman babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu, mai ƙarfin megawat fiye da 5,000.

Lissafin inji ma yana goyon bayan gwamnatin. Injin fetur na ƙona mai, amma ƙarfin da ke isa tayoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Injin lantarki kan mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa motsi. Babu fulogi, babu salansa, babu juyen baƙin mai.

Abin da ke damuna shi ne gaggawar. Wuraren caji galibi a Adis Ababa suke, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su da wuta a gida. Bakaniken da ya shekara ashirin yana kwance kafireto bai san batirin waɗannan motoci ba. Idan motar da aka shigo da ita daga Sin ta tsaya a hanyar Gondar, wa zai buɗe ta? Kamata ya yi gwamnati ta zuba kuɗi wajen horar da makanikai da kafa wuraren caji a manyan hanyoyin ƙasar.