Gyaran Tsohon Gida da Albashin Malami



Yawancinmu da ke koyarwa a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci gidajen gado muke zaune, gidajen ƙasa da kakanni suka ɗora da tubali suka rufe da azara. Babu wanda ba ya son gidansa ya yi kyan gani, musamman idan salla ta gabato ko za a kawo amarya. To amma mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kuma ko wanda ya haura wannan mataki, daga albashinsa yake sayen taki, ya biya kuɗin magani, ya kai gudummawar biki. Ɗan abin da ya rage, ina ya kamata ya fara zuwa? A ganinmu, a tare ruwa tukuna, ado ya biyo baya.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, kuma ta wuri uku yake shiga: saman soro idan ya lotsa ruwa ya kwanta, indararo idan ya toshe ko ya gajarta yana zuba a jikin bango, da gindin bango inda feshin ruwan sama ke zaizaye ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da ke faɗawa kan iyali cikin marka a watan Agusta, tun rani ya nuna alamarsa. Mutumin da ya sayi fenti alhali indararonsa a karye yake ya yi wa majinyaci kwalliya ne.

Akwai kuma al'adar da ta zama yayi, wato shafe ginin ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Daga waje bango sumul, daga ciki yana ruɓewa, sai wata damina shafen ya ɓare ya zubo, kuɗi sun tafi, bango ya ƙara rauni. Wanda yake da kuɗin buhu biyu ko uku, gara ya yi dakali a gindin bango ya kuma gyara bakin indararo. Nan ne siminti ke da amfani.

Sauran jikin gini, magabata sun bar mana maganinsa, da tsohuwar zuma ake magani. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, idan aka jiƙa ta aka kwaɓa da ƙasa, tana ba yaɓe ƙarfi da duhun launi mai kyau, ga ɗorawa a gonakinmu. Da ruwanta ake yayyafa daɓe har ya yi tauri ya yi sheƙi. Maginan birni kuma suna haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara domin hana yoyo. Wanda ya shiga Kano ya leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, inda makarantar boko ta farko a birnin ta zauna, zai ga abin da yaɓe a kai a kai ke yi wa ginin ƙasa.

Idan an gama da ruwa, ado ba shi da tsada. Farar ƙasa a cikin ɗaki tana ƙara haske, malami ya duba littattafan yara ba tare da wahalar da ido ba. Zanen dagi a goshin zaure, maginin yakan fitar da shi da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Tabarmar kaba da faifai masu launi da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya suna cike ɗaki, ba sai an ci bashin kujeru ba. 'Yan'uwanmu mata sun fi mu sanin wannan fanni.

Lokacin aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da hannu ya ɗan samu sarari, ƙasa kuma ke bushewa da wuri. Muna ba wannan reshe shawara biyu. Ta farko, a buɗe adashin gyaran gida, kwasarsa ta faɗo tsakanin Disamba da Afrilu. Ta biyu, kowace makaranta ta kawo sunayen tsofaffin maginan ƙasa da ke yankinta, domin suna ƙarewa, samari kuma sun koma ga bulo. Idan muka ba su aiki, yaransu za su ga dalilin koyon sana'ar.

Allah ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya kai mu damina lafiya.