Jawabi a Kan Jikin Mace Bayan Haihuwa da Kai da Haihuwa ta Tiyata

Iyayenmu ardo-ardo, malamai, iyaye mata, ungozomomi, da sauran 'yan'uwa da suka baro garke suka zo, muna yi muku barka da zuwa. Maganar da za mu yi yau irin wadda aka saba yi a ɗaka ce, murya ƙasa-ƙasa, saboda haka muna neman afuwa tun da wuri, domin dole mu ambaci wasu sassan jiki da sunansu. Mun roƙi maza su zauna su ji, domin a rugage da unguwanninmu na kewayen Omdurman da Khartum, mace ce ke naƙuda, amma namiji ne ke cewa a tafi asibiti ko a dakata.

Abin da aka fi faɗa a tsakaninmu shi ne, wadda ta haihu da kanta ta tsira, wadda aka yi wa aiki kuwa ta nakasa, ba ta sauran daka ko ɗaukar ƙwarya. Wannan magana ta sa mata da yawa sun kwana biyu a kan gwiwa suna jira. Alhali kuwa kowace hanya ɗa ya biyo, sai ta bar wa uwa alama a jiki, kuma ɓarna mafi muni da muke gani daga jinkiri take zuwa.

Bari mu fara da haihuwa da kai, wadda ita ce ta fi sauƙi idan komai ya tafi daidai. Mahaifa tana da nauyin kusan kilo 1 a ranar haihuwa, sai ta yi ta tsukewa har ta koma yadda take cikin mako 6, watau daidai da kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa mai jego. Jinin biƙi yana biyo wannan lokaci, yana raguwa yana sauya launi. Amma akwai wani nama a ƙasan ƙugu wanda ya tallafe mafitsara da mahaifa da hanji kamar faifai, shi ne kan jariri ke buɗawa. Shi ya sa kusan mace 1 cikin 3 takan ga fitsari ya zubo mata idan ta yi tari ko dariya a watannin farko. Yawanci yakan warware, musamman idan tana motsa naman, watau ta matse kamar mai riƙe fitsari ta saki, sau da yawa a yini. Wadda aka mayar ga turmi da jarkar ruwa tun ba ta yi mako biyu ba, haihuwa bayan haihuwa, ita ce daga baya take jin wani abu yana zazzagowa ta gabanta. Ku makiyaya kun san wannan a jikin saniya, kun kuma san ba a barinta haka. Ga mace ma akwai magani, ko da zoben roba da ake sa wa ciki ko da aiki, amma sai ta faɗa, kuma kunya ba ta barinta.

Doguwar naƙuda ita ce babbar masifa. Idan kan jariri ya tsaya a ƙugu bai wuce ba, yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya faɗi, ya bar huda, fitsari ya riƙa zuba dare da rana, wani lokaci har da bayan gida. Wannan shi ne yoyon fitsari. Wasu kuma ƙafa ta riƙa jan ƙasa saboda jijiyar da aka danne. Yarinyar da aka raina da cewa kuka a haihuwar fari abin kunya ne, ita ce ta fi shiga wannan hali, domin za ta cije ta yi shiru har lokaci ya ƙure. Ƙa'idar ba ta da wuya: naƙuda mai ƙarfi da ta kai awa 12, watau daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba a haihu ba, to a kama hanya. Ba rubutu ko jiƙo ko yankan gishiri da zai faɗaɗa ƙashi. Yankan gishirin ma, wanda namu ne, da shi kakanninmu suka zo daga ƙasar Hausa, shi kansa yana huda mafitsara.

Yoyon fitsari yana gyaruwa. A Khartum Dakta Abbo Hassan Abbo ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan aiki, har aka sa wa cibiyar yoyon fitsari ta babban asibitin koyarwa na Khartum sunansa, kuma kafin yaƙi mata daga Darfur da Kordofan can suke zuwa. A Habasha akwai asibitin da Dakta Catherine Hamlin da mijinta suka buɗe a Addis Ababa a 1974. A Nijeriya akwai Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da zarar yoyon ya fara, aka bar ta makonni, ƙaramar huda takan haɗe ba tare da wuƙa ba. Saboda haka kada a jira arba'in. Wadda aka gyara kuwa, haihuwarta ta gaba sai ta tiyata.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasar nan musamman. Binciken da aka yi a 2014 ya nuna kusan mata 87 cikin 100 a Sudan an yi musu kaciya, kuma mafi yawa irin ta ɗinki ce. Ba mu gaji wannan ba, amma zama tare da auratayya sun shigar da ita wasu gidajenmu. Macen da aka ɗinke sai an tsaga tabon kafin ɗa ya fito, sa'an nan bayan haihuwa a sake ɗinkewa, abin da ake kira adal. Kowace haihuwa sabon yanka a kan tsohon tabo, nama yana ƙara tauri, jinin biƙi da fitsari ba sa samun hanya sosai. Tun 1921 da Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, inda Sitt Batul Muhammad Isa ta yi koyarwa shekara da shekaru, ake fama da wannan al'ada. An hana kaciyar ɗinki a doka a 1946, sa'an nan a 2020 aka mai da kaciyar mata laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 3. Mu dai roƙonmu ga maza shi ne, ku faɗa wa iyalinku da bakinku cewa ba kwa bukatar adal, domin da sunanku ake yin sa.

To, sai tiyata, wadda a nan ake ce wa ƙaisariyya. Babban aiki ne, kada kowa ya raina shi. Ana yanka fata da bangon ciki da mahaifa, jinin da ake zubarwa ya fi na haihuwa da kai, kuma warkewa takan ɗauki mako 6 ko fiye. A wannan lokaci kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, ba daka, ba jan guga, ba hawan jaki. Amma kuma kada ta kwanta kamar gawa, ta riƙa tashi tana takawa tun washegari, domin kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan ɗinkin ya yi ja, ko yana ruwa mai wari, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti a ranar. Wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye bai dace da sabon ɗinki ba, haka ma zaman dukhan, a bari sai ya warke. Kunun kanwa kuma a rage, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Bayan ta warke, nononta yana nan, ƙarfinta yana dawowa, za ta yi tatsa ta kai nono kasuwa kamar kowa.

Abin da ba ya tafiya shi ne tabon da ke jikin mahaifa, wanda ido ba ya gani. A nan muke so a buɗe kunne. Tabon yana bukatar hutu, saboda haka a bar kamar shekara 2 kafin wani ciki. Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba ta sake haihuwa da kanta. Idan yankan na ƙasa ne a kwance, kusan 3 cikin 4 na waɗanda suka gwada suna haihuwa lafiya. Amma kusan 1 cikin 200 tabon yakan ɓarke ana cikin naƙuda, kuma idan ya ɓarke mintoci ake ƙirgawa. A asibiti mai ɗakin tiyata da jini ana ceton uwa da ɗa. A ruga mai tafiyar yini, sai dai a yi ta'aziyya. Har ila yau, duk ƙarin aiki yana ƙara hatsarin mabiyiya ta manne a kan tabon a ciki na gaba ta ƙi fita, shi ya sa ba a neman tiyata don gudun zafin naƙuda kawai.

Mun san halin da aka shiga. Asibitin haihuwa na Omdurman, wanda kowa ya sani da Dayat, tun 1957 yake karɓar haihuwa, kuma shi ne mafi girma a ƙasar. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe shi tare da yawancin asibitocin Khartum, aka bar irin su asibitin Al-Nau da ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu, sai a 2024 aka sake buɗe Dayat. Mata da yawa an yi musu aiki a wani gari suna gudun hijira, takardar ta ɓace, ba su san irin yankan da aka yi musu ba. Duk mai irin wannan tabo, da zarar ta samu ciki ta je awo, ta nuna tabon, ta faɗi shekara da wurin da aka yi da dalilin da aka gaya mata. Kuma a tambaya tun da wuri wane asibiti ne ke yin tiyata da dare.

Mutumin da ya saba koro shanu mako da makonni har kasuwar Muwailih ba zai ce Omdurman ta yi masa nisa ba. Idan cikin ya shiga wata na tara, mai tabo, da 'yar fari mai ƙananan shekaru, da wadda ta taɓa doguwar naƙuda, a kawo su gidan dangi kusa da asibiti, ko da garke ya yi gaba. A ware tunkiya ko ɗan maraƙi tun cikin yana wata biyar, a sayar a ajiye kuɗin mota da magani. A samu mutum biyu cikin dangi da suka yarda za su ba da jini. Maigida kuma idan tafiya ta kama shi, ya bar izini a bakin mahaifiyarsa ko ƙanensa a gaban shaidu, cewa idan likita ya ce aiki, a sa hannu ba sai an jira shi ba.

Yanzu za mu ba iyaye mata wuri su keɓe da ungozomomi, domin tambayoyin da ba a yi a gaban surukai.