Tsirran da Mutanen Bulgeriya ke Maganin Mura da Su



Tun da yake hunturu ya kama, kusan kowane gida ana fama da mura da tari, na ga ya dace in ɗan yi bayani a kan yadda mutanen Bulgeriya, wata ƙasa a kudu maso gabashin Turai, suke tarar wannan ciwo da tsirransu.

Wanda suka fi ji da shi shi ne shayin Mursalski, wani ganye da ke fitowa a kan duwatsun Rodofi. Akan tafasa shi har da furensa, a sa zuma, a sha da zafinsa saboda tari da kaushin maƙogwaro. Yawan tsinkarsa ya sa ya kusa ƙarewa a daji, sai hukuma ta hana ɗibarsa, aka koma noma shi. Furen bishiyar da suke kira lifa kuwa, mai zazzaɓi ake ba don ya yi gumi. Akwai kuma shifka, wato 'ya'yan wardin daji masu yawan bitamin C. Ranar 24 ga Yuni ce ranar tsinkar ganyaye a al'adarsu, kafin rana ta fito. A cewarsu cututtuka 77 ne da rabi, rabin nan shi ne ciwon da ba a san sunansa ba!

To amma jama'a, malamanmu na kimiyya suna zaune a nan, za su shaide ni. Bairos ne ke kawo mura, kuma kafson da muke saye a kemis ba ya taɓa shi. Su ma waɗannan tsirrai sauƙi suke kawowa kafin jiki ya ci ƙarfin cutar da kansa. Ba kuwa kowane ganye ne lafiyayye ba. Fodbel, wanda suka daɗe suna sha don tari, an gano yana ɗauke da sinadarin da ke yi wa hanta illa. Abin da ya fi burge ni shi ne, a shekarar 2000 ƙasar ta kafa doka ta musamman a kan tsirran magani, wadda ta tsara yadda ake ɗibarsu da kiyaye su.

In zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko numfashi ya yi wuya, musamman ga yaro ko tsoho, a ajiye shayi a nufi asibiti.