Idon Ɗan Zariya a Kasuwar 'Yan Ƙwallon Kwando

Duk mai kiwo a Amarawa ya san ba sayen maraƙi a karar Illela ne aikin ba, kiwonsa ne. Haka nake auna ƙungiyar ƙwallon kwando.

Ku dubi Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma shugabanci Toronto Raptors ta Kanada. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, sai da aka ɗebi mutum 26 kafin ya ɗauki Pascal Siakam, ɗan Kamaru. Fred VanVleet kuwa babu wanda ya taya shi, Ujiri ya tsince shi a araha. Aka tura su ƙaramar ƙungiyarsu, Raptors 905, suka gogu, suka ci kofi da ita a 2017. Shekara biyu bayan nan, da su Raptors ta ɗaga kofin babbar gasa ta NBA, kodayake sai da aka kawo gwanin ɗan wasa Kawhi Leonard.

Amma fa idon gwani ma yakan kuskure. Bruno Caboclo na Birazil, da Ujiri ya zaɓa na 20 a 2014, an yi ta ba shi dusa shekara kusan huɗu, bai yi ƙiba ba, aka sallame shi zuwa ƙungiyar Sacramento.