Ciwon Shawara da Tsohon Ciki

Yau maganarmu a kan hanta ce da jini, da abin da ya haɗa su a jikin mace mai tsohon ciki.

Da yawanmu mun taɓa shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi, ko don kai kaya ko don sayayya. In kun sake zuwa, ku tsaya wajen mahauta ku dubi hanta a kan tebur. Mu dai a tsire muka san ta, amma aikinta a jiki babba ne. Kowa ya ga yankan ragon Layya. Jini ya zubo kamar ruwa, kafin a gama fiɗa ya daskare ya zama guda-guda. To, yawancin abubuwan da ke sa jini ya daskare hanta ce ke yin su. Jikin mutum ma haka yake. In hanta ta kamu da ciwo mai tsanani sai ta kasa yin su, jini kuwa in ya fara zuba ba ya tsayawa.

Ku lura da nan. Duk macen da ta haihu, in mabiyiya ta fita, akwai rauni a cikin mahaifarta mai faɗin tafin hannu. Mahaifa takan tsuke, jini ya daskare ya toshe raunin. Mai ciwon hanta fa? Jini ya yi ta zuba, ungozoma na canza zane, kafin a samo mota mace ta galabaita.

Me ke taɓa hantar mai ciki? Na farko ruwa marar tsabta. Akwai ƙwayar cuta da ke bin ruwan da kashi ya gurɓata, likitoci suna kiranta ciwon hanta nau'in E. Namiji yakan sha ya yi 'yan makonni ya warke, amma mace mai tsohon ciki takan mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin irin waɗannan mata 4 ko 5 da suka kamu, ana iya rasa 1. A 2017 cutar ta ɓarke a jihar Diffa ta ƙasar Nijar, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Saboda haka a tafasa wa mai ciki ruwan sha. In ta shiga kasuwa ƙishirwa ta kama ta, kada ta sayi kunu ko zoɓon da ba ta san ruwan da aka yi shi da shi ba.

Hawan jini na masu ciki, wanda ke kawo jijjiga, shi ma yakan lalata hanta. Wani lokaci kuma kitse ne ke taruwa cikin hantar a watannin ƙarshe. Waɗannan biyu babban maganinsu shi ne a raba uwa da cikin a asibiti, daga nan hanta takan murmure.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Ido ya yi rawaya. Fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Amai ya dawo a wata na 7 ko na 8, bayan laulayi ya daɗe da wucewa. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, ciwon kai, kumburin fuska, ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa da dare. In kuwa dasashi ya fara jini wajen asuwaki, ko haɓo ya zo, ko fata ta yi tabo ba a buge ba, to abin ya yi nisa.

Mun sani a ƙauye da an ga shawara sai a jiƙa saiwar rawaya, a ce a jira kwana bakwai. Kwana bakwai ɗin nan su ne ke cin rai. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, kada a yarda da yankan gishiri, don jinin ba zai tsaya ba. Kada kuma maigida ya biya ta kasuwa ya sayo ƙwayoyin ciwon jiki. Asfirin da 'yan'uwansa suna ƙara hana jini daskarewa, farasitamol in ya yi yawa yana cin hanta. Sai abin da likita ya rubuta.

Maza, wannan naku ne. Yarinya mai cikin fari kunya ba za ta bar ta ta faɗa muku ba. Ku riƙa duban idonta da rana, a waje, don hasken fitila yana ɓoye rawaya. Ranar da kuka gani, ranar za ku kai ta asibiti mafi kusa, kada ku jira naƙuda. In an tura ku Kano, akwai Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya, inda ake auna jini a kuma ƙara shi. Ku tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya waɗanda za su ba da jini. Abin da ake ɗiba a jikin mutum ɗaya bai kai rabin lita ba, jiki kuwa yana mayar da shi cikin 'yan makonni.