Taskar Gida Ta Zauna a Gida



Duk wanda ya tashi a Madabo ko Koki ya san gafaka da adaka. A cikinsu kakanninmu suke adana littattafai, da takardun gidaje, da rubutun rabon gado. To amma abin da ya bar gida da wuya ya dawo. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano wanda ya rasu a 1962, rubuce-rubuce sama da 3,000, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ana kula da su, amma Bakanon da yake son ya taɓa su sai ya nemi biza.

Mu ma ga shi mun kama wannan hanya. Hotunan aure da suna, da takardun filaye, da karatun malamanmu da muka naɗa, duk mun jibge su a kwamfutocin kamfanonin ƙetare, kuma masu wurin ne ke gindaya sharaɗi. Tun daga Disambar 2023, Google na iya goge asusun da ya yi shekara 2 ba a buɗe shi ba. Idan dattijo ya rasu babu wanda ya san kalmar sirrinsa, abin da ya tara na iya salwanta.

Shawararmu ita ce kowane babban gida ya mallaki rumbunsa. Abin da ake buƙata shi ne tsohuwar kwamfuta, ko Raspberry Pi wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da faifan ajiya, da manhajar Nextcloud wadda ake samu kyauta. Idan aka haɗa da intanet, ɗan'uwa na Legas zai buɗe takardar gidansu daga wayarsa, alhali tana ɗakin mahaifinsa a cikin birni. Dattawan gida ne za su yanke wanda zai ga me.

Sai dai rumbu yana son tsaro. Akwai ɗaukewar wuta, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, don haka sai an tanadi farantin hasken rana da batir, ana kuma sabunta manhaja saboda masu kutse. Lallai ne a ajiye kwafi na biyu a wani gidan, domin gobara ba ta sallama.

Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin horar da matasa biyu a kowace unguwa kafin taron baɗi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar magabata, amin.