Jawabi ga iyaye: yaron da ba ya ganin allo daga nesa

 

Maganarmu ta yau a kan idon yara ce. Akwai yaron da ke ganin abin da ke hannunsa sarai, amma rubutun allon aji sai ya zame masa dishi-dishi. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma sammu ba. Ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, shi ya sa abin da ke nesa ba ya fita. Yaro na girma, tsawon na iya ƙaruwa, galibi har wajen shekara 20.

Abu huɗu ke sa matsalar ta tsananta. Na farko gado: in uwa ko uba na da ita, a sa wa yaran ido. Na biyu farawa da wuri: wanda ta kama yana shekara 6 ko 7, tasa ta fi gudu kan wanda ta kama yana 12. Na uku daɗewa ana kallon abu kusa da fuska, waya ce ko littafi. Na huɗu rashin fita hasken rana.

Na san da yawanku kuna tsare yara cikin tanti, musamman 'yan mata, saboda abin da kuka gani a hanya. Ba mai ganin laifinku. Amma ido mai girma na bukatar hasken waje, kamar awa 2 kullum. Ko inuwar bishiya ta fi cikin tanti haske nesa ba kusa ba. Maƙwabta ku yi karɓa-karɓa: babba ɗaya ya zauna da yaran a inda kowa ke ganinsu.

In yaro na karatu, littafi ya yi nisan kamu ɗaya daga idonsa. Duk bayan minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa.

In kun ga yana ƙanƙance ido, ko yana matsawa gaban allo, ko yana yawan kukan ciwon kai, kada a doke shi. A kai shi asibitin sansani a auna idon. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan ganye. In an ba shi tabarau ya riƙa sawa, tabarau ba ya kashe ido. A riƙa komawa awo duk shekara, domin in abin ya yi tsanani yana iya jawo babban ciwon ido idan ya girma.

Wanda yare ya hana shi bayani gaban likita, ya neme ni a ofishin kariya, sai mu je tare.

Allah ya raya mana su, ya mai da mu gida lafiya.